Shekarar da Na Yafa Mayafin Umma

Da 'yata Nusaiba ta dawo daga bikin Bauchi a watan jiya, ta same ni ina ninke rigunan kujeru, ta tsaya a kaina ta tambaye ni ko gaskiya ne kakarta ta fasa takaba ta tafi bikin coci. Wata tsohuwa ce a dangin Baffa Sule ta faɗa mata a gaban mutane, tana dariya, kamar mai ba da labarin da kowa ya sani. Ban ba ta amsa a lokacin ba, don kun san ni ba mai saurin magana ba ce. Na ce ta bari zan rubuta. To ga shi na rubuta, dominki Nusaiba da ƙannenki, kuma domin waɗanda maganar za ta yi wa ciwo duk sun riga mu gidan gaskiya. Kakarku ba ta taka ko dokin ƙofa ba har ta gama takabarta. Ni ce na fita.

Ina aji biyar na sakandare a shekarar, muna zaune a Nasarawa Gwom cikin garin Jos, a gidan nan da kuka sani, kafin a yi masa siminti a tsakar gida. Umma tana shirya taro tun kafin mutane su ɗauki abin a matsayin sana'a: biki, suna, walima, taron ƙungiya, duk inda za a tara jama'a a zaunar da su a ciyar da su. Ba ita kaɗai ba ce. Abokiyar aikinta Maman Naomi ce, Kirista daga Anguwan Rukuba, gajeriyar mace mai murya kamar lasifika. Ita ke riƙe da girki, Umma ke riƙe da fili. Rumfa ɗaya suke ajiye kujeru da kanofi da kuloli a kasuwar Terminus, har ranar da kasuwar ta ƙone da komai nasu a ciki, suka sake tarawa daga farko. Babanmu tela ne, shi ke ɗinka musu kyallayen ado da rigunan tebur. Bayan rikicin Jos, hanyar da ke tsakanin unguwarmu da tasu, wadda yaro ke bi a aike shi ya dawo miya ba ta huce ba, ta zama hanyar da ba a bi. Suka daina shiga gidajen juna. A wurin aiki kawai suke haɗuwa, kayan kuma suna wajen Monday, direban a-kori-kura da ke yi musu jigila da kafa kanofi.

Akwai wani mayafi da Umma ke yafawa duk ranar aiki, ruwan goro ne mai haske, wanda ba za ta taɓa sa shi zuwa unguwa ba. A lokacin wayar hannu sai manyan 'yan kasuwa, don haka mayafin ne wayarta. A cikin taron da ya cika fili, masu rabon abinci da masu janareta da yaran kanofi ba fuska suke nema ba, launin suke nema. In ta ɗaga gefensa sama, wanda ya fi kusa zai rugo. Mahauta da masu ƙanƙara da masu hayar kaya sun san shi, har ana ce mata Hajiya Mai Ruwan Goro. Ni kuwa tun ina ƙarama take tafiya da ni in riƙe mata jaka, kuma ban taɓa buɗe baki a wurin taro ba. A aji ma haka nake. Akwai malamin da ya koyar da mu shekara guda bai san muryata ba. Abin da na iya shi ne kallo. Nakan san tebur ɗin da ƙafarsa ke rawa da baƙuwar da aka tsallake wajen rabo, sai in ja gefen zanin Umma in nuna mata da haɓa.

Baba ya rasu a farkon damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Umma ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba ado, ba turare. Gwaggonta da muke kira Iya ta dawo gidan don ta zauna da ita. Mayafin ruwan goro aka rataye shi a ƙusa a bayan ƙofa, don launi irin wannan ba na mai takaba ba ne. Maman Naomi ba ta samu zuwa ta'aziyya ba, 'ya'yanta maza sun hana ta ƙetarowa. Ta aiko Monday da kular shinkafa da saƙon cewa ta yi kuka.

Ranar sadakar arba'in Baffa Sule, yayan Baba, ya zo daga Bauchi. Fataucin shanu yake yi, kuma ina so ku sani ba mugu ba ne. Ya zo mana da buhun masara, ya ɗauki ƙannena a cinya. Mutum ne dai da in ya faɗi magana ba ya komawa ta kanta. Da jama'a suka watse ya zauna a tsakar gida a kan ɗaya daga cikin kujerun haya, Umma tana daga cikin ɗaki a bayan labule, ya yi magana ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Habiba, ɗan'uwana ya bar ki da wannan yawo don shi mai sanyi ne. Yanzu ni ne uban yaran nan. Kujerunki, in kin fita, ki yi yadda kika ga dama da su. Amma Ramla ta girma. Ranar da na ji an gan ta a wajen taro, ranar za ta haɗa kayanta ta bi ni Bauchi."

Umma ta tambaye shi makarantata fa. Ya ce akwai Islamiyya a ƙofar gidansa, 'ya'yansa mata ita suke zuwa, ba wadda ta lalace. Umma ta ce ta ji. Ina tsugune a bakin randa ina wanke kofuna, kuma ban ga alamar ya san ina wurin ba.

Matsalar ita ce bikin Naomi. An sa ranarsa tun Baba yana da rai, a tsakiyar watan Agusta, an buga kati an raba, angon kuma ma'aikaci ne a Kudu wanda ya riga ya nemi hutu. Tun Naomi tana goye Umma ke cewa ita za ta yi mata fili da hannunta, kuma kyallayen da za a ɗaura su ne ɗinkin Baba na ƙarshe. Monday ya sake zuwa da saƙo, ya tsaya a zaure ya ce Madam ta ce kada Hajiya ta damu, ita za ta riƙe komai. A ranar na fara jin dariyar Umma tun bayan rasuwar. Ta ce wa Iya ina aka taɓa ganin uwar amarya da anko da ɗaurin ɗankwali tana bin kuloli a guje, dangin ango suna kallo.

Bayan la'asar na same ta tana tsintar wake a faranti. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Ramla, ba zan ce ki je ba. Kin ji abin da Baffanki ya faɗa da kunnenki."

Na ce na ji. Ta ce to shi ke nan, ta ci gaba da tsinta. Na daɗe a zaune ina kallon yatsunta, babu lalle babu zobe, suna ture tsakuwa gefe. Na san abin da Bauchi take nufi, na taɓa yin hutu a can. Na kuma san Umma ba ta taɓa barin alkawarin aiki ya faɗi ba, ko ranar da ƙanena yake kwance da ƙyanda. Abin da ya fito daga bakina a ƙarshe tambaya ce.

"In na je, wa zai saurare ni?"

Umma ta ajiye farantin ta kalli bayan ƙofa. Tsawonmu ɗaya da ita a lokacin.

A makonnin da suka rage ta koya mini aikin a kan tabarma. Da marafan kwalba ta jera kujeru, kwalin ashana ne babban tebur, tsinken tsintsiya ne hanyar masu rabo. Ta nuna mini inda zan tsaya, a kusurwa, bayana jingine da ƙarfen kanofi, inda zan ga ƙofar shigowa da wurin girki a lokaci ɗaya. Ta ce mai fili ba ta zama, ba ta ci, ba ta gudu, domin in ta yi gudu kowa zai san wani abu ya lalace. Ta ce kada in kalli babban tebur don in san ko abinci ya isa, su kullum yana isar su. In kalli hannun mutanen layin ƙarshe. Ta ce tun da safe in tabbatar mahaucinmu ne ya yi yanka, in kuma sa a shimfiɗa tabarma a ajiye buta a wani ɗaki domin salla, ko da Musulmi ɗaya ne ya zo. Sai ta ɗauke marafan baya, ɗaya bayan ɗaya, tana ɓoye su a tafin hannunta. Ta ce in mutane ba su cika ba, kada a bar kujeru babu kowa suna kallon mai taro. A riƙa janye su daga baya a hankali, ba tare da an lura ba, har wurin ya zama daidai da waɗanda suka zo. Iya tana gefe tana jan carbi, ta ce ita dai ba ta gani ba, ba ta ji ba.

Ranar Asabar ɗin na fita da safe da hijabina mai ruwan toka da jakar makaranta, kamar mai zuwa lesin ɗin hutu. Mayafin yana cikin jakar. Na bi ta bayan duwatsu na ƙetara, ba wanda ya ce mini komai. A filin wata firamare za a yi liyafar bayan an taso daga coci. Na shiga wani aji na cire hijabin na yafa mayafin, yana ƙamshin turaren Umma da hayaƙin itace. Da na fito, Maman Naomi tana ba masu girki umarni kafin ta tafi shiri. Ta juyo ta gan ni, ludayin hannunta ya tsaya a sama.

"Wayyo, na ɗauka Maman Ramla ne ya zo," in ji ta. Hausarta irin ta Jos ce, ba ta raba mace da namiji. Ta rungume ni har ɗankwalinta ya zame, sannan ta ture ni ta ce in je in yi aiki kada in sa ta ɓata hoda.

Monday ya zagaye ni yana kallo, ya sara mini kamar soja.

"Ƙaramin Hajiya, yau kai ne oga. Ba sai ka yi magana ba, mun san ba ka da baki. Ka ɗaga hannu kawai, mu za mu gudu."

Haka kuwa aka yi. Na ɗaga gefen mayafin da fargaba a karon farko, sai ga yara biyu sun rugo. Na nuna musu ƙarfen da bai zauna ba, suka kawo duwatsu suka danne. Daga nan abin ya zo mini da sauƙin da ban zata ba, don ba wanda ke kallon fuskata. Ba komai ne ya tafi daidai ba. Na zaunar da kawun ango a layi na biyu, sai da matarsa ta yi ƙorafi aka gyara, cokula kuma suka ƙare aka koma wankewa ana sake rabawa. Amma amarya ta shigo a kan lokaci, 'yan kwayar coci suka yi waƙa, mai gabatarwa ya yi ta barkwancinsa, kyallayen Baba fari da shuɗi suna kaɗawa a saman kowa. Musulmi kaɗan ne suka zo, yawancinsu tsofaffi da suka yi aikin kuza tare da kakan Naomi. Ɗaya daga cikinsu ɗan unguwarmu ne, layinmu ɗaya. Da na kai masa faranti ya ɗago ya gane ni, ni ma na gane shi. Ya tambaye ni a hankali wa ya yi yanka, na faɗa masa, ya yi bismilla. Bai sake kallona ba, ni ma haka. Shi ma bai faɗa a gida inda za shi ba.

Ana cikin rabon abinci hadari ya taso daga gabas. Kun san ruwan Agusta a garin nan. Iska ta fara zuwa, sai ruwa da ƙanƙara ƙanana kamar tsakuwa, sai kanofin da ke kan babban tebur ya yage daga tsakiya. Aka janye amarya da ango zuwa baranda, aka rufe kek da baho. Ba a yanka kek ba, ba a yi rawar iyaye ba, mutane sun fara duban hanya. Monday ya zo jiƙe sharkaf ya ce babbar tamfol ce kawai za ta rufe wurin, kuma mutum ɗaya ke da irinta, Alhaji Ɗanlami na Terminus, wanda ke ba Umma aro in ta shiga matsi. Na ce ya je ya karɓo. Ya ce Alhaji ba zai ba shi ba, ya taɓa gwadawa. Ba ya bayarwa sai ya ga mayafin Umma.

Alhaji Ɗanlami ɗan unguwarmu ne, masallacinsu ɗaya da Baba. Na san haka lokacin da na shiga gaban motar. Abin da ke raina shi ne kada ya gane ni ce, don haka na ja mayafin na rufe fuskata har ido, na sunkuyar da kai. A Terminus 'yan kasuwa sun baje a bakin titi kewaye da ƙonannen ginin, kowa ya lulluɓe kayansa da leda. Monday ya sauka ya yi magana da shi, ya nuno motar. Na ga ƙafafun Alhajin suna tahowa cikin ruwa, ya naɗe wandonsa, silifas ɗinsa ɗaya an ɗinke shi da waya. Ya tsaya a jikin taga.

"Hajiya? Ke ce? Ya ƙarin haƙuri?"

Na gyaɗa kai. Bai yi mamakin shirun ba, don mai takaba ba ta doguwar magana da maza. Ya ɗan tsaya ruwa yana zuba daga hularsa, ya ce Allah ya kyauta, ya juya ya sa yaransa suka ɗora tamfol ɗin. Muka koma aka ɗaura, ruwan ya tsagaita, aka yanka kek, Maman Naomi ta yi rawa a cikin taɓo da takalmanta a hannu. Mutanen layin ƙarshe sun ci, na duba.

Na isa gida kafin magariba da hijabina mai ruwan toka. Umma ta tambaye ni layin ƙarshe, ta tambayi kyallaye, ta tambayi ko Naomi ta yi kyau. Sannan na faɗa mata zancen Terminus. Ta tambaya ko ya ga fuskata, na ce a'a. Ta tambaya ko na yi magana, na ce a'a. Ta ce to, ta karɓi mayafin ta shanya shi a cikin ɗaki, ba a igiyar tsakar gida ba. Ni a lokacin murna nake ban tonu ba. Ita ta riga ta ga abin da ke tafe.

Kafin Juma'a ta zagayo maganar cewa an ga Umma a Terminus ta gama unguwa. A bakin famfo mata sukan yi shiru in na iso, su ci gaba in na ɗauki bokitina. Maƙwabciyarmu da ke aiko wa Umma kunu kullum ta daina. Ba wanda ya tambayi inda nake a ranar, domin ba a saba tambayar inda nake ba. Waɗanda suka san gaskiya kuwa, ko dai suna wancan ɓangaren da ba mai zuwa ya tambaye su, ko kuma ba sa so a san sun je.

Baffa ya iso da rana tsaka, bai ko cire takalmi ba. Ya zauna inda ya zauna wancan karon. Na kawo masa ruwa ya karɓa bai dube ni ba, na koma bakin randa na tsaya. Iya ta fara cewa ita fa tana gidan nan ranar, sai Umma ta ce mata daga bayan labule tukunya tana ƙonewa. Babu komai a kan wuta. Iya ta tashi ta tafi madafa.

"An ce an gan ki a Terminus, a gaban a-kori-kura, kina hidimar bikin coci. Ƙasar kabarin ɗan'uwana ba ta bushe ba."

"Me aka ce an gani, Yaya?"

"Mayafinki. Duk Jos wa bai san shi ba?"

"Mayafina ne."

"Habiba, tambayarki nake yi."

"Aikin nawa ne, Yaya, alkawarin ma nawa ne. Duk abin da za a ɗora, a ɗora mini."

Na sha juya waɗannan kalmomi a raina, ban sami ƙarya ko ɗaya a cikinsu ba. Baffa ya yi salati ya dafe kansa. Na ji bakina ya buɗe, har na ja numfashi. Ban san yadda ta sani ba, labule ne a tsakaninmu, amma sai muryarta ta fito, irin wadda take ba da umarni da ita a fili.

"Ramla, kai wa Baffanki buta, an kira salla."

Na kai masa buta.

Kafin ya tafi ya ce zai dawo ya kwashe mu duka, ba zai bar 'ya'yan ɗan'uwansa a hannun macen da ba ta san haddi ba. Bai dawo ba. Daga baya muka ji matarsa ce ta ƙi, ta ce tana da 'yan mata a gabanta, ba za ta haɗa su da tarbiyyar gidanmu ba. Sai ya aiko cewa ya cire hannunsa daga kanmu. Ta haka na zauna a Jos, na gama sakandare, na ci gaba da karatu, ina bin Umma aiki a fili ba mai hana ni, don wanda zai hana ya ce ba ruwansa.

Umma ce ta biya. Shekaru da yawa ba wanda ya ba ta biki ko suna a unguwarmu. A Islamiyyar matan aure aka daina matsa mata wuri a tabarma, har ta daina zuwa. In wata ta shiga takaba a layinmu ba a kiranta ta taya zama, ita da a da ake fara kira. Aikin da ya riƙe mu shi ne taron ofisoshi da na ƙungiyoyi, musamman tarukan zaman lafiya da aka yi ta yi a otal-otal a shekarun nan, inda ake tara malamai da fastoci a ba su shayi da takarda. A nan na koyi aikin taro irin wanda nake yi yanzu. Na roƙe ta ta bar ni in faɗa, ta ce Baffana mutum ne da ba ya saɓa maganarsa, in bari in gama makaranta. Da na gama na sake roƙonta. Ta ce yanzu kuma in na faɗa, na nuna wa dattijo cewa ya yanke zumunci da marayun ɗan'uwansa a kan abin da bai faru ba, kuma ba ta ga abin da zai yi da wannan sanin ba sai ciwo. Ta ce muddin yana raye in yi shiru. Ta riga shi tafiya. Shi kuma bara ya rasu, kun je gaisuwa.

Na bar ranar fitar takaba a ƙarshe, ko da yake ta riga duk waɗannan, domin ita ce na fi gani a idona. A al'ada ranar ake yi wa mace kitso da lalle, ta yi wanka ta sa sabon kaya, a dafa abincin sadaka, dangin miji da mutanen unguwa su taru su yi mata barka. Umma ta shirya ranar kamar yadda take shirya ta kowa, daga bayan labule, ba ta rage komai ba. Ta sa aka dafa abin da zai ishi layinmu da dangin Bauchi. Da hantsi a-kori-kurar Monday ta tsaya a ƙofar gida da kujeru, a gabanta kuma Maman Naomi ce zaune, ta yafa wani gyale a karkace. Rabonta da Nasarawa Gwom tun kafin rikici. Ta ce 'ya'yanta sun hana ta, ta ce musu su hana uwarsu in sun gan ta. Ta shiga ɗaki wajen Umma, suka rufe ƙofa, na ji muryarta ta yi ƙasa a karon farko a sanina.

Muka jera kujerun a tsakar gida, layi bayan layi har bakin zaure. A gaba Umma ta sa aka ajiye wata fara mai hannu, ta Baffa. Azahar ta yi, dangin Umma suka zo, da wasu tsofaffi mata biyu da ba sa jin magana sosai, da matar dattijon nan na layinmu, wadda ta ce mijinta ne ya ce lallai ta zo, ita ma ba ta san dalili ba. Daga Bauchi ba kowa. Umma ta fito da sabuwar atamfa da lalle a hannu, ta zauna tana amsa barka kamar gidan a cike yake. Ni kuma na koma baya. Na ɗauke kujerar ƙarshe na kai bayan ɗaki, na dawo na tsaya kaɗan, na ɗauke ta kusa da ita. Haka na yi ta yi a hankali, ana hira ana cin abinci, har wurin ya zama daidai da waɗanda suka zo. Ba wanda ya lura sai ita. Da na kai hannu kan farar mai hannu, ta ɗago yatsa ɗaya daga cinyarta.

"Wannan ki bar ta."

Da yamma Monday yana loda kaya ya tsaya a kanta ya ce, Ƙaramin Hajiya, wannan fa? Na kalli Umma. Ta ce a cire ta daga kayan haya, a sa ta a zaure, mutum yana iya zuwa ba ranar da aka sa masa ba.

Bai zo ba. Ita ce farar kujerar nan mai karyayyen hannu da ke zaure, wadda kuke ta cewa in jefar.